Shirun mai gadi ba shaidar lafiya ba ne

Garin Arlit da maƙwabcinsa Akokan, waɗanda ƙarfen yuraniyom ya kafa a tsakiyar hamada, sun daɗe da sanin darajar gadi. A daren 15 wayewar 16 ga Satumba 2010 ƴan bindiga suka shiga Arlit suka sace mutum 7 masu alaƙa da kamfanonin Areva da Satom, huɗu daga cikinsu ba su sami kansu ba sai watan Oktoba 2013. Ran 23 ga Mayu 2013 kuma mota maƙare da nakiya ta fashe a ma'aikatar SOMAÏR, ma'aikaci ɗaya ya rasu, fiye da goma suka ji rauni, aiki ya tsaya na makonni. Bayan waɗannan masifu an ƙara shinge, an ƙara soja da jandarma, an tsananta bincike a bakin ƙofa.

Amma ma'aikatar haƙar ma'adini ta wannan zamani tana da wata ƙofa wadda soja ba ya iya tsayawa bakinta da bindiga, watau layin sadarwa da ke haɗa kwamfutocinta da juna, ya kuma haɗa su da Yamai da sauran duniya. Ta irin wannan layi ake aika takardun albashi da odar kayan gyara da lissafin kayan da aka haƙo, kuma a ma'aikatun zamani ta nan ake ba famfunan ruwa da injunan niƙa dutse umurni. Domin tsaron wannan ƙofa masana suka ƙera na'ura mai gano kutse, wadda za a kira na'urar gadi a cikin wannan bayani.

Abin da ya kamata hukumomi da shugabannin kamfanoni su sani shi ne, na'urar gadi takan rasa wani sashe na abin da ke wucewa gabanta, kuma in ta rasa ba ta yin kuka, shiru take yi. Saboda haka duk shugaban da aka kawo wa rahoton wata, ya ga an rubuta cewa ba a ga kome ba, wajibi ne ya tambayi nawa ne na'urar ba ta gani ba kafin ya sa hannu.

Yadda saƙo ke tafiya

Kwamfuta ba ta aika takarda ko hoto dunƙule. Yanka shi take yi ƙanana ƙanana, kowane yanki ana ce da shi fakiti, kuma a mafi yawan layuka fakiti ba ya wuce bayit 1500, bayit ɗaya kuwa kimanin harafi ɗaya ne. A goshin kowane fakiti akwai adireshin mai aikawa da na mai karɓa, da lambar da ke nuna matsayinsa a cikin jerin.

Mutanen Arlit sun san irin wannan tsari. Shekara da shekaru, kafin rufe iyakar Benin a 2023, akan zuba garin yuraniyom cikin ganguna, manyan motoci su bi ta Agadas da Tawa har Paraku, daga nan jirgin ƙasa ya kai su tashar ruwa ta Kwatano. Kowace ganga da lambarta, mai karɓa kuma yana duba takarda yana ƙirgawa. Haka kwamfuta mai karɓa take yi a ƙarƙashin ƙa'idar da ake kira TCP: tana mayar da shaidar karɓa, in fakiti ya ɓace a hanya, mai aikawa ya sake aiko shi. Abin da mai aiki zai lura da shi kaɗai shi ne layi ya yi nauyi.

Na'urar gadi kuwa tana zaune ne a gefen hanya, kamar ɗan duwan da ba ya tsayar da mota, kwafin takardar kaya kawai ake miƙa masa. Ana ba ta kwafin kowane fakiti, ta jera su bisa lamba, ta sake haɗa saƙon, sa'an nan ta gwada shi da alamun miyagun manhajoji da dabarun masu kutse da aka riga aka sani. In ta ga kama, sai ta sanar da ma'aikacin tsaro. Wata masaniya ƴar Amurka, Dorothy Denning, ta shimfiɗa tushen wannan ilimi a 1987. Vern Paxson ya ƙera manhajar Bro a tsakiyar shekarun 1990 a cibiyar bincike ta Lawrence Berkeley, aka sake mata suna Zeek a 2018. Martin Roesch ya fito da Snort a 1998, Suricata kuma ta fito a 2010. Dukan ukun nan kyauta ake samunsu, kuma na'urorin gadi da yawa da ake sayarwa da tsada a kansu aka gina su.

Zubewa iri biyu

Zubewar fakiti iri biyu ce, kuma rashin bambanta su shi ke ruɗa shugabanni da yawa. Ta farko ita ce zubewa a hanya, tsakanin mai aikawa da mai karɓa, saboda cunkoso ko lalacewar waya ko iska mai ƙura da ta dami eriya. Wannan kowa yana jin ta, tun da magana ta waya tana yankewa, aiki yana jinkiri, a kira injiniya ya gyara. Galibi kuma ana sake aiko abin da ya zube, na'urar gadi ta sami damar ganinsa.

Ta biyu ita ce zubewa a wurin mai gadin kansa. Fakiti ya tashi lafiya, ya isa lafiya, mai karɓa ya mayar da shaidar karɓa, kwafin da aka nufi na'urar gadi da shi ne kaɗai ya faɗi. Ba wanda zai sake aiko shi, gama a wurin mai aikawa da mai karɓa ba abin da ya ɓace. Akawu yana aikinsa, injin yana juyawa, ba wanda ya kai ƙara. In muguwar manhaja ce ke cikin wannan fakiti, to, ta shiga ta zauna, kuma littafin mai gadi ba shi da labarinta har abada.

Ɓarnar ba ta tsayawa ga fakiti ɗaya. Na'urar gadi tana bin kowace hira tsakanin kwamfutoci biyu tun daga sallama. In fakitin sallamar ne ya zube, wasu na'urorin, gwargwadon yadda aka saita su, ba sa bin wannan hira sam, ko da duk sauran ya iso gabansu. In kuwa tsakiyar saƙo ne ya zube, alamar da ake nema tana iya kasancewa a cikin giɓin, ko ta rabu biyu rabinta ya faɗi. Akwai kuma dabarar gane muguwar manhaja ta hanyar lissafa tambarinta, watau wata doguwar lamba da ake fitarwa daga dukan bayit ɗin da ke cikinta. Rashin fakiti guda ya isa ya hana wannan lissafi fita daidai.

Inda fakiti ke zubewa

Wuri na farko shi ne mahaɗa, akwatin nan da wayoyin kwamfutoci ke taruwa a cikinsa. Hanya mafi araha ta ba na'urar gadi kwafi ita ce a keɓe ƙofa ɗaya ta mahaɗa a mai da ita madubi. To, layi mai gudun gigabit 1 yana iya ɗaukar gigabit 1 na tafiya da gigabit 1 na dawowa a lokaci guda, in an tara su gigabit 2 ke nan, alhali ƙofar madubin gigabit 1 kawai take iya fitarwa. Abin da ya yi saura zubar da shi ake yi. Har wa yau, in aiki ya yi wa mahaɗa yawa, isar da saƙon mutane take sa wa gaba, kwafin mai gadi ya biyo baya.

Wuri na biyu shi ne cikin na'urar gadin. Layi mai gudun gigabit 1 yana wuce da manyan fakitoci kimanin 81,000 a daƙiƙa ɗaya, in ƙanana ne kuwa kusan miliyan ɗaya da rabi. Fakitocin suna jira a wata ƴar ma'ajiya kamar baƙi a zaure, har ƙwaƙwalwar na'urar ta duba su ɗaya bayan ɗaya. In zaure ya cika, wanda ya zo daga baya ba shi da wurin zama. Yawan alamun da aka ɗora wa na'urar ta nema, shi ne yawan jinkirinta a kan kowane fakiti.

Wannan batu ya shafi Arlit kai tsaye. Aikin shimfiɗa wayar zaren gilashi mai ƙetare Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya amince da ba da kuɗinsa a 2016, ya ƙunshi fiye da kilomita 1000 a Nijar, ciki har da reshen Arlit zuwa Asamaka zuwa iyakar Aljeriya, kimanin kilomita 220, kuma an karɓi aikin a watan Nuwamba 2025. Abin alheri ne babba. Sai dai duk wanda ya faɗaɗa layinsa sau goma, ya bar na'urar gadin da ya saya domin tsohon layi, ya ƙara wa mai gadi kaya ne ba tare da ya ƙara masa ido ba.

Wuri na uku shi ne yanayin ƙasar. Da bazara zafin Arlit yana wuce digiri 40, ƙura kuma tana toshe fankar na'ura. Ƙwaƙwalwar kwamfuta in ta yi zafi tana rage gudunta da kanta domin kada ta ƙone, tana rage gudu kuwa zaure zai cika. Ga kuma batun wuta. Tun 1981 tashar gawayi ta SONICHAR da ke Anu Araren kusa da Cirozerin ke ba ma'aikatun yuraniyom da garuruwan yankin lantarki. Duk inda wuta ta ɗauke, janareto ya karɓa, in mahaɗa tana kan batir amma na'urar gadi ba ta kai, layi zai ci gaba da aiki yayin da mai gadi ke ɗaukar mintoci kafin ya farfaɗo.

Wuri na huɗu shi ne hanyar da ba ta bi ta gaban mai gadi ko kaɗan. Ma'aikatar da ke nesa da gari takan ajiye layi na biyu ta tauraron ɗan'adam saboda ranar da na farko zai yanke, kuma an ga amfanin haka ran 14 ga Maris 2024, sa'ad da wayoyin ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama. In an dasa na'urar gadi a kan layin farko kaɗai, ranar da aka koma na biyu ba ta ganin kome, wani lokaci kuma tana ganin tafiya ba ta ganin dawowa. Tun Maris 2025 da kamfanin Starlink ya fara aiki a Nijar, ɗan kwangila yana iya kafa faranti a bayan ofishinsa cikin awa guda, in ya haɗa shi da layin ma'aikata ya buɗe ƙofar baya ke nan.

Kashi ɗaya cikin ɗari

Mai sayar da na'ura yakan ce zubewar ba ta wuce kashi 1 cikin 100 ba, mai saye kuma ya ji hankalinsa ya kwanta. A yi lissafi. Manhajar da ta kai bayit 150,000 tana buƙatar fakiti kimanin 100. In kowane fakiti yana da damar zubewa ta kashi 1 cikin 100, damar da na'urar gadi ke da ita ta ganin dukan fakitin 100 ba giɓi ba ta kai kashi 37 cikin 100 ba. Watau a cikin irin waɗannan manhajoji uku, kusan biyu za su iso mata da rami. In manhajar ta kai bayit miliyan ɗaya, fakiti kimanin 700 ke nan, damar ganinta cikakkiya kimanin 1 cikin 1000 ce kawai.

Bugu da ƙari, zubewa ba ta rarraba kanta daidai a kan sa'o'in yini. Taruwa take yi a lokacin cunkoso, da safe in ma'aikata sun buɗe kwamfutoci, ko da dare in ana kwafe ajiyar bayanai. Yini ɗaya minti 1440 ne. In aka ce na'urar gadi ta rasa rabin kashi 1 cikin 100 na lokacinta, wannan yana iya nufin minti 7 na makanta gaba ɗaya. Matsakaicin lissafi na wata yana ɓoye irin wannan, mai kutse kuwa minti ɗaya ya ishe shi.

A wajen injuna abin ya fi haɗari. Ƙa'idar Modbus, wadda kamfanin Modicon ya fito da ita a 1979 kuma har yanzu masana'antu a duniya suke aiki da ita, ba ta tambayar wanda ya ba da umurni ko shi wane ne. Umurnin sauya lamba ɗaya a cikin na'urar da ke sarrafa famfo ko bawul bayit 12 ne kacal, fakiti ɗaya, sau ɗaya. A ma'aikatar da ake jiƙa dutse da ruwan asid, a garin da ruwan shansa daga rijiyoyin burtsatse yake fitowa, wannan fakiti ɗaya shi ne wanda bai kamata ya wuce ba a gani ba.

Abin da ya faru a wasu wurare

Masu kutse sun daɗe da sanin wannan rauni. A watan Janairu 1998 Thomas Ptacek da Timothy Newsham suka wallafa binciken da ya nuna yadda ake yaudarar na'urorin gadi na lokacin, kuma ɗaya daga cikin hanyoyin ita ce a yi wa na'urar ambaliyar fakitocin banza har ta gaza, sa'an nan a shigar da na gaskiya. Dabarar ɓarayin kasuwa ce, wasu su ta da hayaniya a bakin rumfa, ɗaya ya zagaya ta baya.

Ran 25 ga Janairu 2003 wata tsutsar kwamfuta mai suna Slammer ta bazu a duniya. Dukanta fakiti ɗaya ce, bayit 376, amma cikin minti 10 ta kama kwamfutoci kimanin 75,000, ta cika layuka da cunkoso. Ta shiga tashar nukiliya ta Davis-Besse a jihar Ohio ta Amurka ta layin wani ɗan kwangila wanda ya kewaye katangar tsaron tashar, ta hana allon da ke nuna lafiyar tukunyar nukiliya aiki kusan awa 5. An yi sa'a tashar tana rufe a lokacin saboda gyara. Ƙaramin fakiti da cunkoso da ƙofar baya duk sun haɗu a wannan labari.

A 2010 aka gano Stuxnet, manhajar da ta lalata injunan tace yuraniyom kimanin 1000 a Natanz ta ƙasar Iran, tana ba injuna mugun umurni yayin da take nuna wa masu lura cewa kome lafiya. Ran 23 ga Disamba 2015 masu kutse suka kashe wa mutane fiye da 200,000 wuta a yammacin Yukren, bayan sun yi watanni a cikin layukan kamfanonin lantarki suna nazari, kuma a ranar harin sun cika layukan wayar karɓar ƙara da kiran banza. Kamfanin Areva kansa, wanda ke riƙe da mafi girman hannun jari a ma'aikatun Arlit a lokacin, jaridun Faransa sun ba da labari a watan Satumba 2011 cewa an yi wa layukansa kutse. Dalilan waɗannan hare-hare sun bambanta, amma bayan kowane irin hari tambayoyin masu bincike ɗaya ne: yaushe aka shigo, ta ina, me aka ɗauka, kuma an fita ko ana nan? Littafin mai gadi ake buɗewa domin amsa su. Nijar tana da doka mai lamba 2019-33 ta 3 ga Yuli 2019 a kan laifuffukan intanet, amma alƙali hujja yake nema, littafi mai ramuka kuwa hujjarsa ba ta da ƙarfi.

Masu wani ra'ayi

Akwai masu cewa ƙaramar zubewa ba ta da illa, domin mai kutse ba ya zuwa sau ɗaya. Akwai gaskiya a maganarsu. Wanda ke ƙwanƙwasa ƙofofi dubu yana neman buɗaɗɗiya, ko manhajar da ke kiran ubangidanta kowane minti, ko an rasa kaɗan za a kama sauran. Amma waɗannan su ne masu hayaniya. Wanda ya shirya, ya san abin da ya zo nema, fakitocinsa kaɗan ne, kuma shi ne abin tsoro ga ma'aikatar da ƙasashen duniya suka sa wa ido.

Wasu kuma suna cewa mafi yawan saƙon yau a kulle yake da makullin sirri, na'urar gadi ba ta iya karanta cikinsa, to me zai sa a damu? Amsa ita ce, a hirar da aka kulle, abin da mai gadi ke iya gani ya taru ne a fakitocin farko, inda kwamfutocin ke gaisawa kafin su kulle. Rasa waɗannan kaɗan ɗin ya fi zafi ke nan. Umurnin injuna kuma da yawansa a buɗe yake tafiya.

Na uku su ne masu cewa a raba layin injuna da intanet kwata-kwata a huta. Rabawar wajibi ce. Sai dai Natanz a rabe take, kuma masu bincike sun nuna Stuxnet tana yaɗuwa ta ɗan makullin ajiya da ake sokawa a jikin kwamfuta. Injiniyan da ya zo gyara da kwamfutarsa ta hannu ya isa ya haɗa abin da aka raba. Layin da aka keɓe ma yana buƙatar mai gadi, kuma da yake zirga-zirgarsa kaɗan ce, ba shi da uzurin rasa ko fakiti ɗaya.

Saura batun kuɗi. Lalle na'ura mai ƙarfi tana da tsada. Amma auna zubewa ba ya cin ko dala, kuma sai an auna za a san ko ana buƙatar sabuwar na'ura ko gyaran saiti kawai.

Abin da ya kamata a yi

A watan Yuni 2025 gwamnatin Nijar ta mai da SOMAÏR mallakar ƙasa, kamfanin Orano, magajin Areva, wanda ke da kashi 63.4 cikin 100 na hannun jari a lokacin, ya ƙi amincewa ya kai ƙara gaban masu sulhu na duniya. Ko yaya shari'a ta ƙare, wanda makulli ke hannunsa shi gadi ya hau kansa. Lokacin da ma'aikata ke sauya hannu, ana sauya kwangiloli da layuka da ma'aikata, shi ne lokacin da ya fi dacewa a sake duba kowace ƙofa. Maganar kuma ta shafi SONICHAR da NIGELEC da bankuna da asibitoci da ofisoshin hukuma na jihar Agadas baki ɗaya.

Da farko, a auna, kuma a auna ta hanya biyu. Lambar da na'urar gadi ke bayarwa da kanta tana ƙirga abin da ya iso ƙofarta ne ta kasa dubawa, ba ta san abin da ya faɗi tun a mahaɗa ba. Manhajar Zeek tana da dabarar da ta fi wannan: tana lura da shaidar karɓa, in ta ga mai karɓa ya ce ya karɓi abin da ita ba ta ga wucewarsa ba, ta san ta yi rashi, ta rubuta. Bisa saitinta na asali tana wannan lissafi kowane minti 15, tana kuka in rashin ya wuce kashi 10 cikin 100. Lissafin da aka yi a sama ya nuna wannan iyaka ta yi sassauci ƙwarai ga ma'aikatar yuraniyom, ya kamata a sauke ta ƙasa sosai.

Na biyu, lambar ta hau teburin shugaba. A kowane rahoto, kusa da yawan hare-haren da aka gani, a rubuta kashi nawa ya zube, da sa'ar da ta fi muni, da mintocin da na'urar ta yi a mace. Haka kuma a kwangila da masu sayar da kaya a rubuta iyakar zubewar da aka yarda da ita a lokacin cunkoso, a gwada a Arlit da bazara kafin a biya kuɗi.

Na uku, a kan manyan layuka a daina dogara ga ƙofar madubi, a sa ƴar na'urar tsaga layi da ake kira TAP, wadda ke fitar da kwafin tafiya dabam da na dawowa dabam. A rage wa na'urar gadi kayan da ba nata ba, kamar alamun hare-haren da suka shafi manhajojin da ma'aikatar ba ta da su. A ɗora ta a kan batir ɗaya da mahaɗa, cikin ɗaki mai sanyi, a riƙa share mata ƙura.

Na huɗu, a ƙirga ƙofofi. Kowane layi na tauraron ɗan'adam, kowane faranti na ɗan kwangila, ko dai ya bi ta gaban mai gadi ko a cire shi. Sa'an nan a riƙa gwaji, kamar yadda hafsa ke zagaya masu gadin dare ba tare da sanarwa ba: a aika da fakiti maras cutarwa mai ɗauke da sananniyar alama, da rana da dare, a ga ko na'urar za ta yi kuka.

Na biyar, kuma mafi muhimmanci, mutane. Na'urar da ba mai karanta littafinta ba ta da amfani, injiniyan da za a jira ya taso daga Yamai ko daga ƙetare kuwa kafin ya iso ɓarna ta gama. Makarantar EMAÏR ta Agadas da EMIG ta Yamai sun daɗe suna horar da ma'aikatan ma'adinai, Jami'ar Agadas kuma an kafa ta tun 2014. Manhajojin kyauta ne, kwamfuta biyu da mahaɗa ɗaya sun isa ɗalibi ya ga da idonsa yadda fakiti ke zubewa in layi ya cika. Ya kamata hukumomin da ke kula da sadarwa, irin su ANSI da ARCEP, su haɗa kai da waɗannan makarantu da kamfanonin haƙar ma'adini, domin yaran Arlit da Akokan da Cirozerin su zama masu tsaron layukan garuruwansu.

Hausawa sun ce tsaron kaya ya fi ban cigiya. Ma'aikatar SOMAÏR ta fara fitar da yuraniyom a 1971, COMINAK ta yi aiki daga 1978 har aka rufe ta ran 31 ga Maris 2021, kuma a tsawon shekarun nan ba shugaban da zai yarda a ce masa an ƙirga ganguna 99 cikin 100, ɗayar a yi haƙuri. Irin wannan tsanani ake buƙata a kan layin sadarwa. Daga rahoton wata mai zuwa, shugabannin kamfanoni da na ofisoshin hukuma su nemi a rubuta musu yawan fakitin da ya zube, in kuwa ba wanda ya san amsar, to, a fara aunawa a wannan rana.